Mashin Ɗin da Tela Ya Zaɓa

Tun ranar da Baba ya ce bai yarda Auta ta auri Tela ba, gidanmu ya koma kamar an yi rasuwa ba a sanar ba. Ni matar yayanta ce, ba a tambaye ni ba, ban kuma sa baki ba. Sai dai tagar ɗakina tana kallon baranda, kunne kuwa ba shi da marfi.

Auta ba yarinya ba ce. Ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo gidan iyayenta da 'ya guda mai shekara biyar, wadda muke kira Lele. Tana aiki a wani kemis da ke bakin babban titi, kuma mai kemis ɗin ne ya fara fitowa yana so. Mutum ne kamili, mai mota, mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum yana gaban mara lafiya. Sharaɗinsa ɗaya ne, bai kuma ɓoye ba: ba ya riƙon agola. Lele ta zauna wurin kakanninta, shi zai ɗauki ɗawainiyarta daga nesa.

Shagon Tela kuwa yana tsallaken titi, daidai ƙofar kemis ɗin. Saurayi ne, bai taɓa aure ba, Auta ta ba shi shekara biyu. Ga askin zamani, ga wando ɗamamme, in yana tafiya sai ka ce kiɗa yake ji. Shi ke ɗinka wa Lele kaya, kuma daga kai ɗinki da karɓo ɗinki zance ya yi nisa. Ya ce uwa da 'ya yake so, ba zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba. Mahaifiyarsa ta yi tsalle ta dire, ta ce ɗanta bai rasa 'yan mata ba da zai fara da bazawara. Da ya daina cin abincinta ta sauko. Baba ne ya ƙi saukowa.

Hujjar Baba ba ta banza ba ce. Ya ce Mai Kemis ya faɗi gaskiya mai ɗaci, Tela ya faɗi magana mai daɗi, kuma yaro ne. Gara Lele ta zauna nan da sanin kowa, da a kai ta gidan da za a gaji da ita kafin shekara, a dawo masa da ita da kayanta a leda. Mama ta goyi bayansa, ita kuma dalilinta daban ne: ba ta son a ɗauke mata jika. Ba ta taɓa furtawa ba, amma wadda ta zauna gida ɗaya da suruka ta iya karatun fuskarta.

Auta dai magana ɗaya take maimaitawa, ba za ta yi auren da zai raba ta da 'yarta ba. Daga nan sai kuka.

Sai an san Baba za a gane abin da ya biyo baya. Bakaniken babur ne, ya yi aikin har ido ya fara gazawa 'ya'ya suka zaunar da shi. Akwatin sifanoninsa har yau yana ƙarƙashin gado, ba mai taɓawa. Kullum yana cewa mutum yana ƙarya amma mashin ɗinsa ba ya yi, in kana son sanin halin namiji ka duba kujerar bayan babur ɗinsa. Sannan yana da doka a gidan: mashin ɗin baƙo ba ya shiga tsakar gida. Abokan Yaya, wato mijina, duk a waje suke ajiye nasu ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ɗan gida kawai ke tsallaka ƙofar.

To Tela, wajen neman fada, sai ya kawo kansa. Wata safiya ya zo ya durƙusa gaban Baba, ya ce ya gaji da hawan haya, ya tara abin da zai sayi mashin. Ya je wurin dillali ya ga guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya, ya rasa na zaɓa, shi ne ya zo wurin masu abin.

Ɗaya irin na 'yan haya ne: baƙi, mai giya, manyan tayoyi, doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya da kariya a baya. Ba ya shan mai, ba ya tsoron rami, duk inda ya lalace akwai kayan gyaransa. Ɗayan roba-roba ne irin na samarin yanzu, ja, mai tsinin baki, ba giya ba kuloci, murɗawa kawai ka tafi. Tayoyinsa ƙanana, kujerar bayansa ɗagaggiya, 'yar firit.

Na zaci Baba zai buɗe lacca, don in zancen babur ne ba a tsayar da shi. Sai kawai ya ƙare wa yaron kallo. Can ya ce shi ido ya tafi, kayan zamani sun wuce shi, Tela ya je ya sayi wanda ya kwanta masa a rai.

Tela na fita Baba ya sa aka kira Auta da Mama da Yaya. Ni na kawo kaina da tiren shayi.

"Allah ya kawo mana sauƙi," in ji Baba. "In ya sayi mai doguwar kujera, ya yi tunanin iyali, na ba shi ke, na ba shi Lele. In ya sayi na yawon samari, kansa kawai ya sani, ki bar zancensa, Mai Kemis ya turo manyansa. Ke kuma ki yi min alkawari ba za ki gaya masa ba. Ba da baki ba, ba da ido ba, ba ta waya ba."

Auta ta tambaya ko rayuwarta za a ɗora a kan kujerar babur. Baba ya ce shi da kujerar babur ya ciyar da su duka. Ta kalli Mama, Mama na kallon ƙasa. Ta kalli Yaya, Yaya ya ce ai duk mai hankali baƙin zai saya, me take tsoro. Da wannan ta yi alkawari. Auta kuwa in ta yi wa Baba alkawari ko wuƙa aka sa mata ba ta karyawa, halinsa ta ɗauko sak.

Lele na gefe tana wasa da murfin kwalba. Da ta ji ana ta ambaton babur sai ta ja rigarta ta rufe ƙafa. Bara salansar wani ɗan haya ta ƙona ta a ƙwauri, an matse ta tsakanin uwarta da mai tuƙi, ƙafar ta zame. Tun daga nan ko na Yaya ba ta yarda a ɗora ta. Mama ta ce shagwaɓa ce, Baba ya ce za ta manta, mu ma duk muka bar shi a haka.

Washegari da yamma Tela ya zo wurin Auta. Suka zauna a baranda, ita a kujera, shi a dakali, ni a bayan labule ina ninke wankin da ya ƙi ƙarewa.

Ya nuna mata hotunan a waya. Ya ce baƙin zai kai shi kasuwa ya ɗauko bandir ɗin yadi ba tare da ya yi nishi ba. Jan kuwa ya fi sauƙi a cunkoso, kuma ko ita za ta iya tuƙa shi wata rana. Sannan ya tambaye ta wanne.

"Duk wanda ka saya ya yi," ta ce.

"Ba haka kike min magana ba. Ko zare zan saya sai kin ce wannan ya fi wancan."

"Yau ba ni da ra'ayi."

"Ke za ki hau fa. Ta yaya ba ki da ra'ayi? Baba ya ce wani abu?"

"Kada ka tambaye ni abin da ba zan iya amsawa ba."

"To ba sai kin yi magana ba. Ki kalli hoton da kike so kawai."

Sai ta rufe ido ruf. Duk da na ce ba ruwana, wallahi ta ba ni tausayi. Hawaye na fitowa ta ƙarƙashin fatar idon, ta ƙi buɗewa.

"Ka saurare ni," ta ce, idon a rufe. "Na taɓa rasa miji, na san ba a mutuwa. In na rasa ka zan yi ciwo, zan kuma tashi. Amma a ce in kwana gida ɗaya Lele ta kwana wani, ban san yadda ake wannan ba. Kai kaɗai ka ce za ka ɗauke mu tare. Ban taɓa tambayarka ko da gaske kake ba, don ina tsoron amsar."

"Da gaske nake."

"Kowa ma haka yake cewa. Mahaifinta ya ce ba zai taɓa barinmu ba, ga shi Allah bai ba shi zaɓi ba. Kai kana da zaɓi. Je ka sayi mashin ɗinka."

Ni dai a ganina ta ɗan taka alkawarin da gefen ƙafa, amma ba ni aka sa gadi ba.

Tela ya mai da wayarsa aljihu. Daga baya ya ce a kira masa Lele. Ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, ya ce ta tsaya ta haɗa ƙafafu. Ya auna faɗin ƙafafun biyu, ya auna daga ƙasa zuwa ƙirjinta. Na ce a raina ikon Allah, so ya mai da tela mai takalmi. Lele ta tuna masa in zai yi mata riga ya yi ta har ƙasa. Ya ce ya sani, ya naɗe tef ɗinsa ya tafi.

A kwanakin da suka biyo Auta ta rame kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi. Mama, da bakinta ba ya riƙe ruwa, ta riga ta tsegunta wa Mai Kemis sharaɗin. Shi kuwa bai yi rawar kai ba. Ya ce wa Auta a wurin aiki shi ba gaggawa yake ba, yaro dai yaro ne, lokaci zai nuna. Ya aiko wa Lele 'yar tsana mai rufe ido. A kicin kuma Mama ba ta fasa ba: so ba ya cika tukunya, mota ba ta jiƙa mutum, Lele ai a hannun kakarta take ba a hannun bare ba. Auta na yanka albasa, ba ka iya cewa ga hawayen da ke na albasa.

Yaya ne ya kawo ƙarshen jiran. Ya biyo ta wurin dillali da hantsi, ya ga Tela da idonsa yana turo jan roba-roba waje, ledar kujera ma ba a cire ba. Ya kira Baba a waya. Baba ya ce alhamdu lillahi, mashin ba ya ƙarya. Bai ajiye wayar ba sai da ya kira Mai Kemis, ya ce manyansa su zo bayan la'asar.

Mai Kemis da kansa ya ce wa Auta ta koma gida ta huta. Ta shigo da mayafi a hannu, ta wuce kai tsaye ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, na riƙe alkawari."

"Na sani. Ni ma zan riƙe nawa."

"Ban gaya masa ba. Da na gaya masa da baƙin ya saya."

"Shi ya sa na hana ki."

Ta ce to wa zai riƙa tsefe wa Lele kai, tunda ba ta yarda da hannun kowa. Mama ta ce ita da ta tsefe na 'ya'ya biyar. Auta ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Ni kuwa haushin Tela ya cika ni. An yi maka kuka, an ce maka tare, an yi komai sai dai a zana maka a ƙasa, ka je ka sayo abin burga. Na ce Baba dai ya fi mu gani.

Ana gab da la'asar muka ji ƙarar sabon mashin a layi. Ya tsaya a waje, inda baƙi ke tsayawa. Baba ya ce a bar shi da shi, ya ɗauki sandarsa ya fita. Yaya ya bi shi, ni ma na bi, Lele na riƙe da zanina.

Baba bai amsa gaisuwa ba. Ya wuce kai tsaye bayan mashin, ya daki 'yar kujerar da tafin hannu.

"A nan za ka ɗora mace da 'ya?"

"A'a, Baba. Nan na uwar ne."

"Yarinyar fa?"

Tela ya juya kan mashin gefe ya matsa baya don a gani. Tsakanin kujera da kan mashin akwai fili shimfiɗaɗɗe, inda mai tuƙi ke ajiye ƙafa. An yanka tabarmar roba an shimfiɗa a wurin. Sama da ita an yi waldar wani ɗan ƙarfe a kwance, daidai ƙirjin yaro, an naɗe shi da soso, an ɗinke soson da ƙyallen atamfa. Na gane ƙyallen, ragowar rigar Lele ce mai ruwan ganye. Ya ɗaga kujera ya fito da 'yar hular kwano.

"Baƙin ya fi, Baba, na sani," in ji shi. "Shi nake so tun ina yaro. Amma ba inda za ta zauna a kansa sai tsakiya, ƙafarta na lilo kusa da salansa. Duk rigar da na ɗinka mata tun bara sai ta ce in ƙara tsawo kada a ga tabon. Ba za ta hau shi ba. In ba ta hau ba, duk fita sai mu bar ta a gida, a ce yanzu za mu dawo. Da haka ake fara barin yaro. A nan kuwa tana tsaye a gabana, tsakanin hannuwana, salansa na can baya."

Yaya ya sosa ƙeya. Ni kuma na haɗiye abin da na ce a raina ɗazu, bai wuce da daɗi ba.

Lele ce ta saki zanina. Ta ce wannan ai rigarta ce. Ta matsa ta taɓa ƙyallen, ta ja baya, ta tambayi Tela ina abin zafin yake. Ya kama hannunta ya zagaya da ita ya nuna mata, ya dawo da ita gaba ya ce ta duba nisan. Ta duba. Ta ɗage rigarta da hannu ɗaya, tabon a waje kowa na gani, ta taka ta hau. Ƙafafun biyu suka zauna a kan tabarmar cif. Ta kama ƙarfen ta ce a sa mata hula.

Ban san sanda Auta ta fito ba. Na dai juya na gan ta a bakin ƙofa, ba mayafi, hannu a baki, tana kuka ba sauti.

Baba ya miƙa wa Yaya sanda. Ya tsuguna, abin da ya daɗe bai yi ba saboda gwiwa, ya kai fuskarsa kusa da ƙarfen. Da ido ya gaza sai ya bi waldar da babban yatsa, ya girgiza ta, ya sake bi.

"Wa ya yi maka wannan?"

Tela ya ce mai walda na bayan kasuwa.

"Aikin banza. Rami ɗaya za ta ɓalle, yarinya ta tafi da ita." Ya dafa kujera ya miƙe. "Shigo da shi."

Tela bai gane ba, ya tsaya yana kallon mutane. Yaya ne ya gane, ya je ya buɗe ƙyauren gida duka biyu. Aka turo mashin ɗin tsakar gida, Lele na tsaye a kai ta ƙi sauka. Baba ya ce in ɗauko masa akwatinsa a ƙarƙashin gado. Shekarata takwas a gidan, ranar na fara taɓa shi.

Ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno ya fara kwance robar gaba, yana ce wa Lele ta ɗaga wannan ƙafa, ta ɗaga waccan. Yana yi yana mita: kayan zamani duk roba, noti kamar na agogo, wanda ya ƙera wannan bai taɓa gyara komai ba. Tela na tsugune yana riƙe masa fitilar waya. Notunan da Baba ya cire a tiren shayina yake zubawa.

Muna cikin haka muka ji mota ta tsaya a ƙofa. Aka rufe murfi ɗaya, aka rufe na biyu, aka yi sallama da muryar manya.

Mama ta matso, murya ƙasa. Ta ce Malam, baƙinka ne, kai ka kira su da bakinka, kuma kowa ya san ba ka taɓa ba da magana ka janye ba. Baba bai ɗago ba. Ya ƙarasa kwance notin da ke hannunsa, ya jefa a tire. Aka sake sallama.

Sai ya miƙe. Ya goge hannu da tsumma, baƙin mai bai fita ba. Ya miƙa wa Tela sifana ya ce ya riƙe, kada ya taɓa komai, kada kuma ya bar yarinya ta faɗo. Ya karɓi sandarsa ya nufi ƙofa, ya ja ƙyauren a bayansa.

Auta ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Ta tambaye ni me zai ce musu.

Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba. Abin da na sani, mashin ɗin Tela yana tsakar gidanmu, Baba ya kwance masa gaba, notunansa na cikin tirena. Ko an so fitar da shi yau ba zai fita ba.